Yadda Ake Duba Fokilif Kafin a Fara Aiki da Ita: Jagora ga Direbobin Sito a Saudiyya

Fokilif, motar nan mai cokulan ƙarfe biyu a gaba da ake ɗaga kaya da ita a sito da tashar jiragen ruwa, ƙarama ce a ido, amma wadda aka ƙera don ɗaukar tan 2.5 nauyinta ita kaɗai yakan haura tan 3.5. Idan ta ɗauki cikakken kaya, abin da ke yawo tsakanin ma'aikata ya kai tan 6 ke nan. Da tayoyin baya take juyawa, a yawancin samfura birkinta a tayoyin gaba yake, kuma ba ta da sifirin da zai shanye girgiza idan ta faɗa rami. Saboda haka lahanin da direban ƙaramar mota zai lallaɓa da shi har ƙarshen wata, a jikin fokilif yana iya kifar da kaya a kan mutum tun kafin a kira sallar azahar.

'Yan'uwanmu da yawa suna wannan aiki a manyan sitocin Khumra da ke kudancin Jidda, da unguwar Sulai a Riyad, da tashar Sarki Abdul'aziz a Dammam, kuma kusan ko'ina akwai takardar duba da ake miƙa wa direba da safe. Abin da aka fi gani shi ne a jera alamar lafiya daga sama har ƙasa a cikin minti ɗaya, a sa hannu, a hau. Wannan takarda ba ta kare kowa, hasali ma tana iya zama hujja a kan wanda ya sa mata hannu. Ƙa'ida mai lamba 1910.178 ta OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki ta Amurka, wadda ake yawan kafa hujja da ita a wannan fanni, ta ce a duba motar aƙalla sau ɗaya a rana kafin a sa ta aiki, idan kuma dare da rana take aiki, a duba ta a kowane canjin ma'aikata, sannan kada a sa ta aiki idan an ga abin da ya shafi lafiyarta. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aka fi mantawa da shi, alhali dominsa ake yin duban gaba ɗaya.

Kafin ka taɓa motar

Ka fara da kanka. Takalmi mai bakin ƙarfe, hular kwano, riga mai sheƙi da safar hannu duk su kasance a jikinka kafin ka matsa kusa, domin ƙarfen da ya yini a rana yana ƙona tafin hannu, sarƙa kuma tana yanka. Doguwar riga da rawani mai jela a bar su a ɗakin canza kaya, don liba da sarƙa suna kama tufafin da ke lilo. Wanda bai yi barci ba, ko ya sha maganin mura mai sa gyangyaɗi, ya faɗa wa mushrif, wato shugaban aiki, tun da wuri. A watan azumi dokar ƙwadago ta Saudiyya ta rage wa Musulmi lokacin aiki zuwa awa 6 a rana, amma duk da haka wanda ya kwana a tsaye ya san halin da idonsa ke ciki da hantsi.

Daga nan sai ka karanta takardar jiya. Idan wanda ya sauka ya rubuta cewa birki ya yi laushi, ka nemi sa hannun makanike a ƙarƙashin rubutun. In babu, motar ba a gyara ta ba ke nan, ko da an ce maka an duba. Ka tabbatar tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri mai haske, cokula a ƙasa, birkin hannu a ja, makulli a aljihunka. Makullin yana da muhimmanci, domin a sito mai mutane da yawa ba wuya wani ya zo ya tayar da ita alhali hannunka na cikin ƙarfe.

Zagayen farko, inji a kashe

Ka zaɓi wuri ɗaya da za ka riƙa farawa kullum, misali tayar gaba ta hagu, ka zagaya ta gefe guda har ka dawo wurin. Wanda yake fara duba daga inda ya ga dama yau nan gobe can, shi ne yake tsallake abu bai sani ba.

Abu na farko ba a jikin motar yake ba, a ƙasanta yake. Ka tsuguna ka leƙa simintin da ta kwana a kai. Baƙin ɗigo a ƙarƙashin inji baƙin mai ne. Mai garai-garai mai santsi a wajen tsanin ɗagawa, wato ƙarafan tsaye na gaba da cokula ke hawa da sauka a jikinsu, man haidirolik ne. Ruwa kore ko ja daga lagireto yake. Jiƙa a cikin tayar gaba kuwa tana iya zama man birki, kuma ita ce mafi hatsari a cikinsu. Safiyar da ta biyo bayan hutun Juma'a ita ce mafi kyawun lokacin wannan dubawa, domin motar ta daɗe a wuri ɗaya kuma ko ƙaramin yoyo ya sami damar taruwa. Idan ƙasan ta riga ta yi baƙi da tsohon mai, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da yamma, da safe kwalin zai nuna inda take zuba.

Sai taya. Idan mai iska ce, a auna ta da geji tun tana da sanyi, a kwatanta da adadin da aka rubuta a jikin motar. Matsin iskar tayar fokilif yakan kai 7 ko fiye a ma'aunin matsi na bar, kusan ninki uku na ƙaramar mota, kuma ido ba ya gane ta ragu sai an ɗora kaya. Taya ɗaya ta gaba da ta rasa iska tana karkatar da motar, karkatar da ba ta kai komai ba a ƙasa kuma tana zama babba idan kaya ya kai tsayin mita 4. Idan tayar roba ce zalla marar iska, a nemi layin da aka zana a gefenta, wanda ake kira 60J. Da zarar ci ya kai wannan layi, ta gama aiki. A duba ko wani yanki ya ɓalle, ko ƙusar katakon falet ta nutse, ko robar ta fara rabuwa da ƙarfen. A taɓa notocin ɗaya bayan ɗaya, kuma idan an ga jan tsatsa ya gangaro daga bakin noti, alama ce yana motsi. Akwai wani abu da ya zama ruwan dare a sitocin da ake kwance kaya: ledar naɗe falet da igiyar roba suna nannaɗewa a bayan taya, su ƙulle su yi tauri har su cinye sil ɗin da ke riƙe mai. A yanke su da wuƙa tun suna 'yan kaɗan. Cire taya mai iska ko sassauta notocin da suka haɗa ƙarfenta gida biyu ba aikin direba ba ne, domin irin wannan ƙarfe yana tarwatsewa idan ba a sace iskar gaba ɗaya ba.

Cokula su ne wurin da ya kamata a fi daɗewa, kuma su ne wurin da ake wucewa da sauri saboda ana ganin ƙarfe mai kauri haka ba abin da zai same shi. Ka durƙusa a gabansu, ka goge dunduniyar kowane cokali da tsumma, wato kusurwar da ƙarfen kwance ya haɗu da na tsaye, domin nan ne duk nauyi ke taruwa kuma nan tsaga ke farawa. Tsagar farko siririya ce ƙwarai, ƙura da giris suna ɓoye ta, shi ya sa gogewar ta zama dole, kuma fitilar waya tana taimakawa. Haka za a duba ƙugiyoyin sama da na ƙasa da cokalin ke rataye da su. Cokalin da ya tsage, kome ƙanƙantar tsagar, ba a ɗaukar kaya da shi, kuma ba a kai shi wurin mai walda na bakin titi, domin zafin walda yana kashe ƙarfin da aka ba ƙarfen a masana'anta. Haka nan huda bakin cokali don a rataya sarƙa ko igiya, wanda wasu ke yi don jan kaya daga cikin kwantena, ya lalata shi ke nan.

Bayan tsaga sai ci. Direban da ke tafiya cokula na jan ƙasa yana goge dunduniyar a hankali, har kaurinta ya ragu. Ƙa'idar da masu ƙera cokula suka yi ittifaƙi a kai ita ce, idan kauri ya ragu da kashi 10 cikin 100, a cire cokalin daga aiki, domin wannan raguwa tana tafiya da kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin ɗaukarsa. Hanyar ganewa ita ce a kwatanta kaurin ƙarfen kwance kusa da dunduniya da kaurin ƙarfen tsaye, tunda shi na tsayen ba ya taɓa ƙasa kuma yana nan yadda aka ƙera shi. Idan na tsaye milimita 40 ne, na kwance bai kamata ya gaza 36 ba. Wannan awo da ma'aunin kauri ake yin sa, kuma yawanci makanike ne ke yi, amma direban da ya ga dunduniya ta yi sheƙi ta zama kaifi yana da hujjar neman a auna. Daga nan ka koma nesa kaɗan ka kalli bakunan cokulan biyu: idan bakin ɗaya ya fi na ɗayan nisa daga ƙasa da abin da ya wuce kashi 3 cikin 100 na tsawon cokalin, wato santimita 3 ga cokali mai mita 1, ɗaya ya lanƙwashe, kuma ɗayan ne zai riƙa ɗaukar nauyin su biyun. A ƙarshe ka ɗaga sakatar da ke kulle kowane cokali a gurbinsa ka mayar, ka girgiza shi ka ji ya zauna. Cokula bibbiyu ake canza su, ba a haɗa sabo da tsoho.

Sarƙoƙin ɗagawa suna bayan cokula, a tsakiyar tsani. A Jidda da Dammam, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri da laima, tsatsa ce babbar abokiyar gabarsu. A Riyad kuwa ƙura ce ke haɗuwa da mai ta zama abin da ke cin ƙarfe. Ka bi sarƙar da ido daga inda aka ɗaure ta har inda take hawa kan gargare, kana neman ɓallin da ya tsage, ko wanda ya ƙage ba ya lanƙwasawa, ko ƙusar haɗi da ta juya ko ta fito. Jan gari mai kama da barkono a tsakanin ɓallaye yana nufin ciki ya bushe yana cin kansa. Sarƙoƙin biyu su zama daidai a ɗaure, kuma ana gwada hakan da sanda ne, ba da yatsa ba. Sarƙar da ta miƙe da kashi 3 cikin 100 na asalin tsawonta canza ta ake yi, kuma makanike yana da geji na musamman don wannan awo. Hannu ba ya shiga tsakanin ƙarafan tsani idan inji na aiki ko cokula na sama.

Tiyoyin haidirolik a duba su da ido: kumburi, tsagewar roba, wurin da ke goga da ƙarfe har wayar ciki ta bayyana, da jiƙa a bakin mahaɗa. Sandunan silinda masu sheƙi su kasance a bushe ba tabo ba karce. Ba a shafa tiyo da hannu don neman inda take yoyo, ko da safa, domin man yana ƙarƙashin matsin da ya haura bar 100, kuma siririn feshin da ido ba ya gani yana huda fata ya shiga cikin tsoka. Raunin yakan yi kama da cizon sauro a farko, amma aikin tiyata yake buƙata cikin gaggawa. Idan ana zargin yoyo, guntun kwali ake karawa.

Rufin ƙarfen da ke saman direba da ragar da kaya ke jingina a kai ba su da wuyar dubawa: kada a ga lanƙwasa, tsagewar walda ko notin da ya ɓace. Masu ɗaura kwali ko tsohon bargo a kan rufin don inuwa suna toshe wa kansu ganin kayan da suke ɗagawa, gara a nemi kamfani ya sa rufin roba mai garai-garai.

Farantin bayanai, ɗan ƙarfen da aka manna kusa da kujera, dole ya kasance yana nan kuma yana karantuwa. Fokilif kamar sikeli take: tayoyin gaba su ne tsakiya, kaya a gefe ɗaya, nauyin ƙarfen baya a ɗaya gefen, kuma duk yadda kaya ya yi nisa da tayoyin, haka yake rinjayar bayan. Shi ya sa farantin ba nauyi kaɗai yake faɗa ba, yana faɗar nisan tsakiyar kaya daga gindin cokali, yawanci milimita 500 ko 600, da tsayin da za a iya kaiwa. Motar da aka rubuta mata kilo 2,500 a milimita 500, idan aka ba ta dogon akwati wanda tsakiyarsa ke milimita 750, lissafin gaggawa shi ne a ninka 2,500 da 500 a raba da 750, abin da ya rage bai kai kilo 1,700 ba. Idan an ƙara wa motar wani abu, kamar mariƙin ganga ko dogayen cokulan sakawa, farantin ya nuna hakan tare da sabon adadi. In bai nuna ba, babu wanda ya san ainihin ƙarfinta, har da mushrif.

Abin da ke ba ta ƙarfi

Ga mai dizal, a ɗaga murfin inji a tabbatar maƙalinsa ya riƙe kafin a sa kai. A zaro sandar auna baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Ruwan lagireto a robar gefe ake ganin sa, ba a buɗe murfin lagireto idan inji na da zafi. A danna fanbel a ji bai saki ba, a duba man birki da na haidirolik. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 45 a wasu biranen, fuskar lagireto da ta toshe da ƙura da guntayen leda ta isa ta sa inji ya tafasa kafin tsakar rana, saboda haka a leƙa ta kullum, a kuma duba matatar iska bayan kowace guguwar ƙura.

Mai iskar gas hanci ake fara sa mata. Gas ɗin an sa masa wari da gangan, kuma ya fi iska nauyi, don haka idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, ya gangara cikin rami ko magudana ya jira tartsatsi. A duba tukunyar ta zauna a kan ɗan ƙarfen da ke saita ta, maɗauran biyu sun kama, tiyo ba ta tsage ba, mahaɗa ta ɗauru. Farin sanyi kamar ƙanƙara a bakin mahaɗa yoyo ne, kuma ruwan sabulu yana tabbatarwa idan ya yi kumfa. Da zarar an ji wari, a rufe bawul, kada a murɗa makulli. Ruwan gas yana ƙona fata da sanyi, shi ya sa ba a canza tukunya sai da safa.

Mai batir ita ce aka fi samu a sitocin abinci da ɗakunan sanyi. A kashe caja kafin a zare fulogi, a duba wayoyi ko robarsu ta ɓare, bakin fulogi ko ya narke ko ya yi baƙi. Batir mai ruwan asid yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda take kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, don haka ba sigari ba walda a ɗakin caji. Ruwan batir yana saurin ƙafewa a zafi. Ana ƙara shi bayan caji ya cika, da tataccen ruwan batir kaɗai, ruwan famfo ko na gora ba ya maye gurbinsa, kuma sai da tabarau da safar roba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne batir ɗin yana cikin nauyin da ke riƙe bayan motar, shi ya sa farantin ya faɗi mafi ƙarancin nauyin da ya halatta. Idan an ara mata batir daga wata motar, a kwatanta nauyin, a kuma tabbatar sakatar da ke riƙe shi ta kulle.

Bayan an hau

A hau ta gefen hagu ana fuskantar motar, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya a riƙe a kowane lokaci, kuma ba a kama sitiyari ko liba don hawa. A gyara kujera da madubi, a ja bel da ƙarfi a ji ya cije, sannan a ɗaura. Al'adar ɗaura bel a bayan kujera a zauna a kansa don a kashe ƙarar gargaɗi al'ada ce mai kisa, domin idan fokilif ta kife, abin da ya fi kashe direba shi ne ya faɗo ko ya yi tsalle, rufin ƙarfen ya danne shi da ƙasa. Abin da ake koyarwa shi ne a zauna, a riƙe sitiyari, a dafe ƙafa, a karkata jiki zuwa gefen da ba shi motar ke faɗawa ba, kuma bel ne ke sa hakan ya yiwu.

Giya a tsakiya, sai a murɗa makulli mataki ɗaya a ga fitilun allo sun kama duka, a tayar, a ga sun mutu. Wadda ta ƙi mutuwa, musamman ta baƙin mai ko ta zafin inji, dalili ce ta kashe motar. A rubuta adadin da agogon awoyi ya nuna, domin da shi ake lissafin lokacin sabis. A saurari injin na ɗan lokaci, a kalli hayaƙin salansa. A gwada hon, fitilun gaba da na birki, fitilar sama mai walƙiya, da ƙarar ribas. A sito inda Bahaushe da ɗan Bangaladash da ɗan Pakistan da ɗan Yaman ke aiki tare, ba lallai kowa ya fahimci ihun gargaɗi ba, amma kowa ya san ƙarar ribas.

Yanzu sai libobi. Ka fara ɗaga kai ka ga abin da ke sama, fitila ko bututun ruwan kashe gobara ko bakin ƙofa, sannan ka ɗaga cokula a hankali har ƙarshe ka sauke har ƙasa. Tafiyar ta zama sumul, ba fizga ba ƙara ba tsayawa a hanya. Kai wa ƙarshen yana da amfani na biyu, domin yana shafa mai a dukan tsawon silinda, kuma idan man haidirolik ya yi ƙasa a can sama ne za a ji famfo na kuka. Ka karkata tsani gaba da baya har iyaka, ka gwada matsar da cokula hagu da dama idan motar na da wannan. Daga nan ka ɗaga su kamar mita 1, ka saki liba, ka sa ido a kan wata alama a bango: idan suna sauka da kansu ko tsani na sunkuyawa gaba, akwai yoyo a ciki, kuma abin da ya sauka a hankali ba kaya zai sauka da sauri da tan 2 a kai. Yawancin motocin zamani suna da na'ura a ƙarƙashin kujera da ke hana tafiya da ɗagawa idan direba ya tashi. Ka ɗaga jikinka kaɗan ka taɓa liba ka tabbatar ba a cire ta ba.

Gwajin tafiya a fili ake yin sa, ba mutane, cokula sama da ƙasa da santimita 10 zuwa 15, tsani a ɗan karkace baya. Tun kafin motsi ka taka birki ka riƙe: feda ta tsaya da tauri, kada ta riƙa nutsewa a hankali har ƙasa. Ka tafi gaba a hankali ka taka, ka koma baya ka taka, motar ta tsaya miƙe ba ta ja gefe ɗaya ba. Ka juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, kana jin ko ya yi nauyi, ko yana da wasa da yawa kafin tayoyi su amsa, ko wani abu na ƙwanƙwasa a baya. Birkin hannu a kan gangaren lodin kwantena ake gwada shi idan akwai: a tsaya, a ja, a ɗaga ƙafa a hankali ana shirye da sake takawa. Motar da ta silale ko da taƙi ɗaya ba ta ci gwajin ba.

Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ma'aikatar ƙwadago ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana. Masu aiki a filin waje su ajiye motar a inuwa a wannan tsakani, musamman mai tukunyar gas, kuma in an dawo a sake leƙa ƙasanta da tiyoyinta da gejin zafi kafin a ci gaba.

Idan an sami matsala

Ba kowane lahani ne ke tsayar da mota ba. Yagewar kujera ko ɓarewar fenti a rubuta su a ci gaba da aiki. Amma birki, sitiyari, tsagar cokali, sarƙa, yoyon haidirolik ko na gas ko na dizal, bel, hon, rufin kariya, tayar da ta lalace da farantin da ba ya karantuwa, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa a ajiye ta. A sauke cokula, a ja birkin hannu, a zare makulli a kai wa mushrif hannu da hannu, a rataya alama a kan sitiyari da Larabci da kuma harshen da sauran direbobi ke karantawa. Motar da aka bari da makulli a jiki ba alama, wani zai hau ta cikin minti goma.

Nan ne wahalar take ga baƙon ma'aikaci, domin tirela na jira a bakin ƙofa, mushrif na duban agogo, mutum kuma yana tunanin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, da iyalin da ke jiran saƙo a gida. Abin da ya fi amfani shi ne a bar gardama a nuna abu. Cewa "motar ba ta da lafiya" tana jawo musu, amma "Ya mudir, zo ka taka birkin nan da ƙafarka ka ji" ba ta barin abin cewa. A rubuta lahanin dalla-dalla, wuri da yanayi da lokaci, misali tsaga a dunduniyar cokalin dama ko feda na nutsewa har ƙasa, a sa hannu, a ɗauki hoton takardar da na wurin da waya. Idan aka matsa a kan sai an yi aiki da ita a haka, a nemi jami'in kula da lafiyar ma'aikata na kamfanin, a kuma roƙi wanda ya ba da umarnin ya rubuta shi a kan takardar da sunansa. Ba kasafai ake samun mai yarda ya rubuta ba.

Gyara aikin makanike ne. Direba ba ya ɗaure tiyo da waya, ba ya cusa ƙusa a gurbin sakata, ba ya shiga ƙarƙashin cokulan da ke sama ko da an ce na daƙiƙa ɗaya ne. Idan tsautsayi ya riga ya faru, lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar 997 ce, ta 'yan kwana-kwana 998, kuma a sanar da kamfani a rubuce nan take, domin inshorar raunin aiki ta GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, ta haɗa da baƙin ma'aikata kuma tana da wa'adin kai rahoto. Lahanin da ya bayyana a tsakiyar aiki, kamar sabuwar ƙara ko warin ƙuna, hukuncinsa ɗaya da wanda aka gani da safe: a sauke kaya a wuri mai aminci a tsaya. Bayan makanike ya gama ya sa hannu, direba ya sake gwada abin da aka gyara da kansa a gaban makaniken, sannan ya cire alamar daga sitiyari ya buɗe sabuwar takarda.